Darasi na 14: Haske da Saƙo a Cikin Baƙin Rami

Kowane saƙo sai da abin da zai ɗauke shi. Wasiƙa mota take bi, murya iska take bi, kiran waya da shirin rediyo kuwa igiyoyin da ido ba ya gani ne ke kai su. Waɗannan igiyoyi na rediyo, da hasken tocila, da hasken rana, duk dangi ɗaya ne, tsawon zango ne kawai ya raba su. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana laluben tasha a gajeren zango, mita 19 ko mita 31, ya riga ya san zango: tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na mai bi mata. Zangon jan haske bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, na shuɗi kuma ya fi shi gajarta. Amma da dogo da gajere, gudunsu ɗaya ne a sarari: kilomita 299,792 cikin sakan ɗaya, wanda ake taƙaitawa a ce 300,000. Babu abin da ke ɗaukar saƙo da ya fi haske sauri. Saboda haka idan aka sami wurin da haske ba ya iya fitowa, to babu labarin da zai fito daga can, ko ta waya, ko ta rediyo, ko ta bakin ɗan aike.

Irin wannan wuri shi ne baƙin rami. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ɗauka cewa ciki duhu ne ɗungurungum, haske na shiga ya mutu, ko ya tsaya cak. Ba haka lissafi ya nuna ba. A ciki haske yana nan da gudunsa, mutum yana ganin tafin hannunsa, kuma mutum biyu da suka faɗa tare za su iya kallon juna su yi magana. Hanyar fita ce babu. Yadda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a wuri ɗaya, shi ne aikinmu a wannan darasi.

Haske ma sai ya yi tafiya

A da ana zaton haske ba ya ɗaukar lokaci ko kaɗan. A 1676 wani masanin taurari ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Rømer, yana aiki a birnin Faris, ya lura cewa ɗaya daga cikin watannin duniyar Jufita yana makara wajen fitowa daga inuwa idan duniyarmu ta yi nisa da Jufita, yana kuma yin sammako idan ta matso. Ya ce ai hasken ne ke ɓata lokaci a hanya. Ya yi daidai. Hasken wata yana iso mu cikin sakan 1.3, na rana cikin minti 8 da sakan 20. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya yi nisan da saƙon rediyonsa ke cin fiye da awa 22 kafin ya iso. Wato duk abin da ka gani, tsohon labari ne, ko da tsufansa bai kai ƙiftawar ido ba. Ka riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya.

Yadda aka gano iyakar

In ka jefa dutse sama zai dawo, sai fa idan ka jefa shi da gudun kilomita 11.2 a sakan ɗaya, wanda shi ne gudun kuɓuta daga janyowar duniya. A fuskar rana gudun ya kai kilomita 618. A 1783 wani limamin coci a Ingila, John Michell, ya yi tambaya mai kyau: to idan tauraro ya yi nauyin da gudun kuɓuta daga gare shi ya wuce gudun haske fa? Ya lissafa cewa tauraro mai faɗin rana sau 500, mai dunƙulewa irin tata, zai riƙe haskensa, ba za a gan shi ba. Tunanin Michell shi ne haske zai tashi, ya rage gudu, ya faɗo. A nan ne ya kauce, domin haske ba ya rage gudu. Sai da aka jira fiye da shekara 130 kafin a sami bayanin da ya tsaya da ƙafarsa.

A Nuwamban 1915 Albert Einstein ya kammala nazariyyarsa game da ƙarfin janyowa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, kuma komai, har da haske, lanƙwasar nan yake bi. An gwada maganar ranar 29 ga Mayu, 1919, lokacin husufin rana. Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, wata tawaga kuma ta je Sobral a Birazil. Hotunan da suka ɗauka sun nuna taurarin da ke bayan rana sun ɗan gusa daga mazauninsu, alamar cewa haskensu ya karkata da ya gifta ta gefenta.

Tun kafin wannan gwaji, wani Bajamushe mai suna Karl Schwarzschild, yana bakin daga a fagen yaƙi, ya warware lissafin Einstein game da abu mai nauyi wanda yake dunƙulalle. An buga aikinsa a farkon 1916, ya rasu a watan Mayu na wannan shekara. A cikin lissafinsa akwai wani nisa na musamman. Idan aka matse abu ya ƙanƙance har ya shige cikin wannan nisa, to an sami baƙin rami. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane nauyin rana ɗaya yana ba da kilomita 3 daga tsakiya. Da za a matse duniyarmu, sai ta koma milimita 9 daga tsakiya zuwa baki. Wannan da'ira da ta kewaye ramin ta ko'ina ita muke kira iyakar ba-dawowa.

Shi kansa Einstein bai yarda irin wannan abu zai samu a zahiri ba, har ya rubuta takarda a 1939 yana musun haka. A wannan shekara ce kuma Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder suka nuna cewa babban tauraro da makamashinsa ya ƙare zai iya rushewa cikin kansa ya wuce iyakar. Sai a 1958 David Finkelstein ya fayyace abin da iyakar take: ƙofa ce da ake shiga, ba a fita. Ba bango ba ce, ba kuma wani abu ne da hannu zai taɓa ba.

Abu ɗaya a gefe, saboda ana yawan ruɗewa a kansa: baƙin rami ba ya zuƙe duk abin da ke sararin samaniya. Da rana za ta zama baƙin rami da nauyinta na yanzu, abin da ba za ta yi ba domin nauyinta bai kai ba, duniya za ta ci gaba da kewayarta yadda ta saba. Duhu da sanyi ne za su kashe mu, ba zuƙa ba.

Kogi da masu kwale-kwale

Ka ɗauki kogi mai gangarawa zuwa wata babbar mafaɗar ruwa. Can sama ruwan yana tafiya a hankali, gwargwadon matsowarsa gwargwadon ƙaruwar saurinsa. A kogin akwai wani gwanin tuƙi da babu wanda ya kai shi, kuma gudunsa a kan ruwa ɗaya ne kullum, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. In yana can sama ya juya kan kwale-kwalensa, zai haura ba wahala. In ya matso, zai haura amma da ƙyar, domin ruwan yana cinye rabin ƙoƙarinsa. Akwai wani layi inda saurin ruwa ya yi daidai da saurin tuƙinsa. A nan, komai ƙarfin da ya sa wa filafili, mai kallo daga gaɓa zai gan shi a wuri ɗaya. Da ya wuce layin nan, ko ya fuskanci sama yana tuƙi iya ƙarfinsa, ƙasa yake yi.

Gwanin tuƙin shi ne haske, ruwan shi ne sarari, layin kuma iyakar ba-dawowa. Misalin ba don daɗin baki kawai aka kawo shi ba: Paul Painlevé a 1921 da Allvar Gullstrand a 1922 sun sake rubuta lissafin Schwarzschild ta yadda yake ɗaukar wannan siffa daidai.

Yanzu ga wurin da ya kamata ka tsaya ka yi tunani. Kwale-kwale biyu da suke gefe da gefe, bayan sun wuce layin, ruwa ɗaya ne ke tafiya da su. Na wannan zai iya miƙa wa na wancan ƙwarya, ya karɓa. Gwanin tuƙi zai iya barin na gaba ya tuƙo zuwa na baya, domin na bayan ma gangarowa yake yi, zai zo ya same shi. A tsakaninsu babu abin da ya canja. Da gaɓar sama ce kawai hulɗa ta yanke.

Abin da mai jira take gani

Bari mu yi tafiyar da ba a taɓa yi ba, a kan takarda. Sai mun zaɓi ramin da kyau. Ƙaramin rami mai nauyin rana goma bai wuce kilomita 30 daga tsakiya zuwa iyaka ba, kuma janyowarsa a ƙafar mutum ta fi ta kansa nesa ba kusa ba, har za ta tsinka shi tun yana da sauran ɗaruruwan kilomita. Babban rami ya fi sauƙin hali. Wanda ke tsakiyar gungun taurarin da ake kira M87 yana da nauyin rana sau biliyan 6.5, iyakarsa kuma tana wajen kilomita biliyan 19 daga tsakiya. A bakin wannan, bambancin janyowa tsakanin kai da ƙafa ƙanƙane ne ƙwarai, jiki ba zai ji shi ba. Za mu ɗauka ramin ba ya juyawa, don lissafi ya yi sauƙi, ko da yake na gaske suna juyawa, kuma Roy Kerr ya warware lissafin masu juyawa tun 1963.

'Yan'uwa uku ne 'yan sama jannati: wa, da ƙaninsa, da ƙanwarsu. Ita ta tsaya a cikin kumbo can nesa. Wan ya saki jiki ya faɗa, ƙanen ya biyo shi a baya kaɗan. Kowa yana da rediyo da tocila mai koren haske, kuma sun yi alkawari wan zai riƙa haska tocila sau ɗaya kowane minti bisa agogonsa.

Da farko ƙanwar tana ganin walƙiyar kowane minti. Sannu a hankali tazarar ta fara buɗewa: minti ɗaya da rabi, minti biyu, minti biyar. Launin ma ya sauya, kore ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja, sannan ya fita daga abin da ido ke gani. Dalilin ɗaya ne. Kowace walƙiya daga wuri mafi zurfi take tasowa, inda kogin ya fi ƙarfi, don haka ta fi wadda ta gabace ta daɗewa a hanya. Tudun igiyar haske ma haka: kowane tudu yana makara fiye da na gabansa, sai zangon ya miƙe. Muryar wan a rediyo tana kauri tana ja, kalma ɗaya tana cin minti, daga baya ta ci awa.

Wannan miƙewar zango da jinkirin agogo ba tatsuniya ba ce, an auna su a nan duniya. A 1960 Robert Pound da Glen Rebka sun auna sauyin zangon haske a wata hasumiya mai tsawon mita 22.5 a jami'ar Habad. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayar hannunka ke dogara da su ta nuna maka hanya, suna riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, kuma da ba a gyara wannan ba da taswirar ta kauce da kilomitoci cikin yini ɗaya. Abin da ke faruwa a bakin rami shi ne wannan ɗin, an kai shi matuƙa.

A ramin M87, idan wan ya kusa iyaka, zangon haskensa yana ninka biyu kusan kowace kwana ɗaya bisa agogon ƙanwar. Bayan mako uku ya ninka fiye da sau miliyan, koren hasken tocila ya zama igiyar rediyo mai rauni. Sau da yawa ana cewa za ta gan shi a daskare a bakin ramin har abada. A lissafi akwai ƙamshin gaskiya, amma a aikace ba haka ba ne. Yawan hasken da ya fito daga tocilarsa kafin ya tsallaka ƙidayayye ne, akwai walƙiya ta ƙarshe, akwai ɗigon haske na ƙarshe. Dushewa yake yi ya ɓace. A ƙaramin rami duk wannan ba ya kai ƙiftawar ido. Abin da ba za ta taɓa gani ba shi ne tsallakawarsa.

Abin da ke faruwa a ciki

Shi wan bai ga agogonsa ya yi jinkiri ba. Yana haska tocila kowane minti yadda aka yi alkawari, zuciyarsa na bugawa yadda ta saba. Lokacin da ya tsallaka iyaka babu ƙara, babu girgiza, babu alama. In ba lissafi ya yi ba, ba zai san ya wuce ba.

Ga tambayar da masu karatu kan yi a nan, kuma tambaya ce ta mai hankali: idan da ƙafa ya shiga, akwai lokacin da ƙafarsa tana ciki kansa yana waje, to yaya zai ga ƙafarsa, tunda haske ba ya fita? Amsa ita ce hasken bai fita ba, kan ne ya shigo ya same shi. Hasken da ya tashi daga takalminsa daidai kan iyaka yana nan a kan iyakar, yana gudu iya gudunsa ba ya gaba. Idanunsa suna isowa wurin, sai su haɗu da shi. Ka tuna duk gani tsohon labari ne. Bai taɓa ganin ƙafarsa a ciki alhali idonsa yana waje ba, kuma bai taɓa daina ganinta ba.

Haka yake tsakaninsa da ƙaninsa. A ce ƙanen ya danna rediyo ya ce, "Yaya, kana ji na?" Saƙon ya gangara ya iske wan, wannan ba wuya, domin hanyar ciki a buɗe take. Wan, wanda ya riga ya tsallaka, ya amsa, "Ina jin ka sarai, ƙanena." Amsar ta fuskanci sama, amma kogin yana janye ta ƙasa a hankali. Ƙanen kuwa gangarowa yake yi da sauri fiye da yadda ake janye ta, don haka zai zo ya ci karo da ita. Zai ji amsar, amma a lokacin shi ma yana ciki. Hirarsu ba ta yanke ba. Da a ce kafin ya kai iyaka ya sauya shawara, ya kunna inji mai ƙarfin gaske ya koma, to wannan amsa ba za ta taɓa isa kunnensa ba. Sharaɗin jin labarin ciki shi ne ka shiga, in ka shiga kuma ba ka da wanda za ka kai wa.

Jinkiri ma yana da farashi. Idan ƙanen ya bari sai bayan wata guda sannan ya biyo sawu, abin da zai tarar ɗan guntun saƙon da wan ya aika ne jim kaɗan bayan tsallakawa. Sauran duk sun riga sun yi ƙasa, ba zai cim musu ba.

To a ɗaura wa wan sarƙa mana, ƙanwar ta riƙe ɗaya bakin, in ya ga abin da ya gani ya girgiza ta, ko a jawo shi? Girgizar sarƙa ma saƙo ce, tana bin ƙarfe da gudun 'yan kilomitoci a sakan, ba ta kama ƙafar haske ba. Ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyin ƙarfe da juna shi ma ba ya wuce gudun haske. Ƙwayar da ke ciki ba ta da hanyar riƙe ta waje, sai dai ta wajen ta biyo ta. Ko dai a ci gaba da sakin sarƙa, ko ta tsinke. Babu ƙarfen da za a ƙera da zai kauce wa wannan.

Saƙon ƙanwar kuwa yana shigowa lafiya. Wan yana ganin taurarin waje, ko da yake lanƙwasar haske ta jirkita mazauninsu, yana kuma jin muryarta. A daidai lokacin tsallakawa, saƙon da take aikowa kowane minti yana isa gare shi kowane minti biyu. Akwai masu cewa wanda ya faɗa zai ga duk abin da zai faru a duniya har ƙarshenta kafin ya mutu. Wannan kuskure ne. Wanda ya faɗo daga nesa cikin ramin M87 yana da wajen awa 12 bisa agogonsa daga iyaka zuwa ƙarshe, kuma a cikinsu saƙonnin wajen awa 5 na agogon ƙanwar ne kawai za su riske shi. Duk abin da ta faɗa bayan nan, ta faɗa wa wanda ba zai ji ba.

Zai iya ƙara wa kansa lokaci? Kaɗan. Akwai mafi tsawon lokacin da lissafi ya yarda da shi, kuma a wannan rami bai wuce awa 28 ba. A ramin da ke tsakiyar namu gungun taurarin, mai nauyin rana sau miliyan 4, minti ɗaya ne da 'yan sakanni. Wanda ya dage da kunna inji yana neman tserewa, rage wa kansa lokacin yake yi.

Ƙarshen tafiyar shi ake kira maƙura. A zane akan sa ta a matsayin ɗigo a tsakiya, kuma wannan zane yana ɓatar da mutane. A ciki, maƙura ba wuri ba ce da za a nuna da yatsa a ce ga ta can, a kauce mata. Lokaci ce mai zuwa. Gabas ko yamma, sama ko ƙasa, duk inda ka fuskanta ita za ka tarar, kuma ba ka ganinta kafin ka isa, domin babu hasken da ke tasowa daga gare ta. Roger Penrose ya tabbatar a 1965 cewa in dai nazariyyar Einstein ta tsaya, to da zarar rushewa ta wuce wani mataki, maƙura ba makawa. Wannan aiki ne ya ba shi rabin kyautar Nobel ta 2020.

Kafin a kai can, hirar 'yan'uwan nan biyu takan ƙare da kanta. Bambancin janyowa yana ƙaruwa, yana miƙe komai ta tsawo yana matse shi ta gefe. Tazarar da ke tsakanin wa da ƙane tana buɗewa, amsa tana ƙara jinkiri, har a kai ga saƙon da lokacin da ya rage bai ishe shi ya ƙetare tsakaninsu ba. A maƙurar kanta lissafin Einstein yana ba da adadi marar iyaka, wanda alama ce cewa nazariyyar ta kai inda ƙarfinta ya ƙare.

Da me aka dogara?

Mai karatu yana da haƙƙin ya ce: tunda babu wanda ya je ya dawo, wa ya ba ku wannan labari? Gaskiyar magana, duk abin da aka faɗa game da ciki daga lissafi ya fito, kuma babu ranar da wani zai leƙa ya aiko da shaida. Abin da ya sa ake ɗaukar lissafin da muhimmanci shi ne, duk inda aka iya gwada shi daga waje, ya ci jarrabawa.

Tun farkon shekarun 1970 aka gane cewa wani tauraro a rukunin Cygnus yana kewaya abin da ba a gani, mai nauyin da yanzu aka auna ya kai na rana sau 21. Reinhard Genzel da Andrea Ghez, waɗanda suka raba ɗaya rabin kyautar Nobel ta 2020, sun shafe shekaru suna bin taurarin da ke tsakiyar gungunmu, nisan tafiyar haske ta shekara 26,000 daga nan. Ɗaya daga cikinsu, S2, yana gama kewayensa cikin shekara 16, kuma da ya matso kusa da ramin a 2018 an ga zangon haskensa ya miƙe gwargwadon yadda aka lissafa. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari daga haɗuwar ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana 36, ɗaya 29. Sannan ranar 10 ga Afrilu, 2019, aka fitar da hoton ramin M87, wanda aka haɗa da na'urorin hangen nesa na rediyo guda takwas a sassan duniya. Gani ya kori ji, amma a lura da abin da aka gani: zoben haske ne na iskar gas mai zafi da ke waje, da inuwa a tsakiya. Ko ɗigo ɗaya na hasken hoton nan bai fito daga cikin iyaka ba.

Wani zai ce, to janyowar ramin fa, yaya take fitowa? Ba fitowa take yi ba. Lanƙwasar da ke waje tun lokacin da tauraron yake rushewa aka bar ta, kuma ba ta bukatar wani sabon labari daga ciki kafin ta ci gaba da zama.

Saura maganar Stephen Hawking, wanda ya nuna a 1974 cewa idan aka sa dokokin ƙananan ƙwayoyin halitta a lissafi, baƙin rami yana fitar da ɗan ɗumi. Ɗumin ƙanƙane ne ainun: na rami mai nauyin rana bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri ɗaya sama da matuƙar sanyi ba, kuma ba a taɓa auna shi ba. Masana suna ta muhawara tun 1976 a kan ko wannan ɗumi yana ɗauke da wata alama ta abin da ya faɗa ciki. Ko yaya muhawarar ta ƙare, ba hanya ba ce da wan zai ce wa ƙanwarsa ya sauka lafiya.

Aiki

1. Ka yi amfani da ƙa'idar kilomita 3 ga kowane nauyin rana, ka fitar da nisan iyakar ramin Cygnus mai nauyin rana 21, da na tsakiyar gungunmu mai nauyin rana miliyan 4. Sakan nawa haske zai ɗauka ya yi tafiyar wannan nisa na biyu?

2. Ka bayyana da kalmominka dalilin da ya sa ƙanen yake jin amsar wansa, ƙanwar kuwa ba ta ji, alhali rediyo iri ɗaya suke riƙe da shi.

3. Wani ya ce maka haske yana rage gudu ne a bakin baƙin rami har ya tsaya. Me za ka ce masa?

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar darasin. Kada ka kwafi amsarta daga littafi. Ka rufe shi, ka samu wani a gida wanda bai halarci aji ba ka yi masa bayani da baki, in ya gane sannan ka rubuta abin da ka faɗa masa ka kawo wa malami a zama na gaba.